Bakin tekun Sifaniya a watan Agusta: ina ya dace a kai yara?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda ke zaune a Sifaniya ko suka taɓa zuwa hutu, shawara nake nema. Maigidana zai je Madrid aiki a watan Agusta, tunda kuma ya dace da dogon hutun makaranta ya ce mu biyo shi da yara, in ya gama mu gangara bakin teku. Yaran ba su taɓa ganin teku ba. Shi Ibiza ya ambata don ita ce sunan da yake yawan ji, wata ƙawata kuma ta ce Mayorka. Na ji ana cewa garuruwan gaɓar nan duk suna da bukukuwa a lokacin zafi, ina so yaran su ga wani abu bayan ruwa da ɗakin otal. Abin da na fi damuwa da shi wurin da zan zauna da hijabina hankali kwance, mu sami abin da za mu ci, mu yi salla a kan lokaci. Ina za mu nufa?

Ɗan Zongo a Mataró:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ibiza dai ki roƙi Alhaji ya ajiye ta gefe. Tsibirin yana da kyau, tsohon garinsa mai ganuwa da ake kira Dalt Vila yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1999, amma a Agusta kasuwar gidajen rawa ce ke ci. Jirage na sauke matasa daga Ingila da Italiya da Jamus dare da rana, kuɗin ɗaki ya ninka, kuma abin da yaro zai gani a hanya ba za ki so ya gani ba. Shawarata ku fara zaɓar bikin da kuke so ku gani da garin da mutanensa ke fita da iyalansu, sai ku nemi masauki kusa. Kada ku bi sunan da ya fi tashe.

Anti Fuengirola:
Ƙanwata, ki zo nan kudu, yankin Malaga. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu ne, bai cika awa uku ba kuna Malaga, daga nan kuma ƙaramin jirgin ƙasa zai bi da ku gefen teku ta Torremolinos da Benalmádena har Fuengirola. Ba kwa buƙatar mota. Muna da babban masallaci a nan cikin gari, akwai wani a Malaga, akwai na Sarki Abdul'aziz a Marbella wanda aka gina a 1981. Mahautan Maroko suna kusan kowace unguwa, naman halal ba ya wuya. A Agusta ma Larabawan Saudiyya da Kuwait da iyalansu suna cika Marbella, mace mai abaya ba abin kallo ba ce a wannan gaɓar.

Sirrin bakin teku a nan shi ne lokaci. Baƙi suna fitowa ne daga sha ɗaya na safe su kwanta a rana har la'asar. Ku kuwa ku fito da sassafe, wajen takwas, rairayin da sauran sanyi, ruwan a kwance, ba kowa sai tsofaffi masu tattaki. Rana na ɗagawa ku koma ɗaki. Sai bayan bakwai na yamma ku sake fitowa, lokacin ne 'yan gari ke saukowa: kaka da kujerarta mai naɗewa, uba da kular ruwa, kankana, yara da bokitin wasa, a kafa laima a zauna har duhu. Ni da doguwar riga da wando da ɗankwali nake shiga ruwa, ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Ki lura kuma da lokutan salla, don a tsakiyar Agusta magariba sai ta ɗan wuce ƙarfe tara, isha'i wajen goma da rabi, Juma'a kuma bayan biyu na rana.

In kun zo, wata yamma ku je Pedregalejo ko El Palo, tsoffin unguwannin masunta a gabashin Malaga. A bakin ruwa za ku ga tsohon kwale-kwale an cika shi da rairayi, an hura itacen zaitun a kai. Mai gashi zai tsire kifin sadin guda biyar ko shida a tsinke, ya barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ya soke tsinken a rairayin gefen da iska ke kaɗawa don harshen wuta kada ya taɓa kifin. Ba mai, ba yaji, sai lemon tsami. Da hannu ake ci. Espeto suke kiransa, kuma ba shi da tsada.

Maman Ikram:
Anti Allah ya saka da alheri, har na ji ƙamshin. To bikin fa?

Anti Fuengirola:
Babban bikin Malaga, Feria, a tsakiyar Agusta ake yi, mako guda cur. Daren Juma'a ake buɗe shi da wasan wuta a kan tashar jiragen ruwa, mutane su cika rairayin Malagueta suna kallo. Da rana tsakiyar gari ne ke ɗauka, titin Larios da kewayensa, mata da dogayen riguna masu ɗigo-ɗigo da fure a ka, ana kiɗa ana rawa. Can kuma bayan gari, a filin Cortijo de Torres, akwai rumfuna da lilon yara da kekunan doki. In da yara ne can filin ya fi, kuma da wuri, don tsakiyar gari in la'asar ta yi giya ta fara aiki.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Hajiya, ba don in hana ki hutu ba, amma akwai abu biyu da nake ganin amana ce a faɗa miki. Na farko, hijabinki zai rufe ki ne ke, ba zai rufe idon yaranki ba. A bakin tekun ƙasar nan mata da yawa ko rigar sama ba sa sawa, kuma wannan ba a wurare na musamman kaɗai ba ne. Na biyu, wannan biki na Malaga ki san asalinsa. A watan Agustan 1487 ne Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela suka ci birnin daga hannun Musulmi bayan sun yi masa ƙawanya wata da watanni, aka bautar da mafi yawan mutanen garin, maza da mata da yara. Shekara biyar bayan haka Giranada ta faɗi, a 1492. Ranar shigarsu Malaga ita ce bikin yake tunawa. Ni dai zuciyata ba za ta bar ni in tsaya ina tafi a wurin ba.

Anti Fuengirola:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maganarka ta farko gaskiya ce, shi ya sa na dage a kan lokaci. Da sassafe da bayan faɗuwar zafi abin yana raguwa ƙwarai, amma ba zan ce mata babu shi ba. Ita da maigidanta su auna.

Ta biyun ma tarihi ne, ban musa ba. Sai dai maƙwabtana da nake zuwa da su, 'yan Maroko ne da 'yan Sifaniya, wallahi ban taɓa jin wani ya ambaci 1487 a filin ba. Yaro lilo ya kawo shi, tsohuwa rawa ta zo yi da jikokinta. Kuma a garin nan ɗin dai Alcazaba take tsaye, fadar da Musulmi suka gina a ƙarni na 11, ga ganuwar tsaro ta Gibralfaro a kan dutse samanta. In ni ce, sai in fara hawa da yaran can da safe, in nuna musu ganuwar da lambunan da magudanan ruwa, in gaya musu su waye suka gina da yadda aka ƙare. Yaron da ya ji wannan daga bakin uwarsa yana tsaye a wurin ba zai manta ba.

Malam Na Zariya:
Zuwa Alcazaba da Alhambra, fadar sarakunan Musulmi da ke Giranada, ni ma ina goyon baya, har ma ina kwaɗaitarwa. Daga Giranadar nan Abu Ishaƙ al-Sahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi ƙasar Mali, ya rasu a Tumbutu. Muna da alaƙa da wurin. Amma rashin tunawar masu rawa ba ya canza ranar da aka zaɓa. A nan ne muka saɓa, Anti, kuma saɓanin alheri ne.

Ɗalibin Balensiya:
Malam, in haka ne to wanda ya fi wannan fitowa fili shi ne Moros y Cristianos, wasan kwaikwayon yaƙin Musulmi ("Moro") da Kirista, da ake yi a yankinmu. A Villajoyosa, garin masunta mai gidaje kala-kala tsakanin Alikante da Benidorm, ana yinsa daga 24 zuwa 31 ga Yuli. Da asubar 28 ga wata kwale-kwalen ɓangaren "Moro" ke tasowa daga teku, ɓangaren Kirista na jira a rairayi da bindigogin gargajiya, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, mutane su diro cikin ruwa da kayansu su yi iyo zuwa gaɓa. Suna tuna harin da 'yan fashin teku daga Arewacin Afirka suka kawo garin ne a 1538. Na je na gani, kuma abin da ya ba ni mamaki 'yan garin rububin shiga ɓangaren Moro suke yi, su suka fi ado, su suka fi kiɗa mai daɗi, iyali kan gaji ƙungiyarsu kaka da kakanni. Amma duk shekara ƙarshen wasan ɗaya ne, su ake kora. Na fito raina a jagule, ban ji an zage ni ba, ban kuma ji daɗi ba. Duk da haka Anti Maman Ikram, kwanakin ma ba su dace da naku ba.

Malam Na Zariya:
To ka ji. Jagulewar nan da ka ji ita nake nufi.

Ɗalibin Balensiya:
Haka ne Malam. Wanda na fi so a raina kuma ba za ku riske shi ba, daren San Juan ne, 23 ga Yuni. Kusan duk gaɓar ƙasar ake kunna wuta a rairayi, daga Barsalona har A Coruña can arewa inda suke gasa sadin a tituna. A Alikante ya fi girma: tun 1928 kowace unguwa ke gina ƙaton mutum-mutumi na katako da kwali, wani ya kai tsayin bene, a ajiye a mararraba kwanaki ana kallo. Kullum ƙarfe biyu na rana a dandalin Luceros a fasa nokawut a jere har ƙasa ta riƙa girgiza a ƙafarka. Daren 24 sai a harba wuta ɗaya daga saman dutsen fadar Santa Bárbara, alamar a fara ƙonawa. 'Yan kwana-kwana na tsaye da mesa suna kare gidaje, jama'a na ihu a jiƙa su, su kuwa su juyo musu da ruwan. Amma a Yuni yaranku suna makaranta.

In kun ratso ta Balensiya, ku sayi horchata mai sanyi. Kunun aya ne, ba wani abu ba. A Alboraya, gefen birnin, ake noma ayar, kuma ba ta isarsu, suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso.

Ɗan Maraɗi:
Ayarmu ce wannan, ƙanena. Manomanmu na yankin Maraɗi sun san da haka.

Hajiya, ni a kicin ɗin otal nake aiki a Mayorka duk lokacin zafi, bari in faɗi abin da na sani. Ƙawarki ba ta yi kuskure ba, amma Mayorka kashi-kashi ce. Magaluf da wani ɓangare na Playa de Palma ki guje su, abin ya kai gwamnatin tsibiran ta yi doka a 2020 ta ƙayyade giyar da otal zai ba mutum a rana a waɗannan unguwanni. Arewa kuwa, Alcúdia da Playa de Muro, na iyali ne. Rairayin fari ne mai laushi, yaro zai yi tafiya mai nisa cikin ruwa bai wuce masa gwiwa ba. Akwai harajin baƙi da ake biya kowane dare tun 2016, daga yuro ɗaya zuwa huɗu gwargwadon darajar otal, yara 'yan ƙasa da 16 ba sa biya.

Abinci ne nake so ki kula da shi, a ko'ina kuka je. Akwai wani burodi mai zaƙi a naɗe kamar gammo, an barbaɗa masa farin sukari, ensaimada, kowane baƙo sai ya riƙo kwalinsa a filin jirgi. Da kitsen alade ake kwaɓa shi. Na sha ganin 'yan uwanmu suna ɗauka a teburin karin kumallo ba su sani ba, sai in fito in raɗa musu. Ki riƙe kalmomin nan a waya, duk alamar alade ce a abinci: cerdo, jamón, chorizo, manteca. Miyar tumatir mai sanyi da ake kira salmorejo, a kanta suke yayyafa jamón. Kuroket ɗinsu, wasu 'yan ƙananan curi da ake soyawa, galibi da shi ake yi. Wake ko dankali ma a tambaya. Kifi da jatan lande da ƙwai da dankali su ne mafaka, shinkafarsu ta paella kuma ki ce ta kayan teku, ki tambaya ko romon na kifi ne zalla.

Maman Ikram:
Innalillahi, wannan burodin da shi zan fara ba yara in na gani. Na gode ƙwarai Ɗan Maraɗi. Na rubuta su.

Ɗan Maraɗi:
Ba komai Hajiya. Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Tsibiran nan ba su da wurin kwanan masu yi muku aiki. Masu gidaje sun gane kwana bakwai na baƙo ya fi musu wata guda na ɗan haya, sai suka juya gidajen. A Ibiza akwai masu dafa abinci da masu shara da direbobi da ke kwana a mota ko a tanti a fili, suna da albashi amma ba ɗaki. Mu nan muna cunkushe a ɗaki ɗaya, na dare ya tashi na rana ya kwanta. Matan da ke gyara ɗakuna har ƙungiya suka kafa, Las Kellys, saboda yawan ɗakunan da ake ɗora wa mace ɗaya a yini. In kin sauka a otal, ki gaishe su, ki tattara shara wuri ɗaya, ranar tafiya ki bar musu ɗan wani abu a kan tebur. Yana kai wa zuci.

Baban Las Palmas:
Maganar Ɗan Maraɗi ita ce maganar da ake yi a nan tsibiran Kanari. Ranar 20 ga Afrilun 2024 dubban mutane suka fito a duk tsibiran suna cewa Kanari tana da iyaka, a Yulin shekarar kuma a Barsalona har bindigar ruwa aka fesa wa baƙi a gidajen abinci. Ƙasar ta karɓi baƙi kusan miliyan 94 a 2024, ita da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba. Barsalona ta ce zuwa ƙarshen 2028 za ta soke lasisin gidajen hayar baƙi gaba ɗaya. Ba ku suke ƙi ba, haya ce ta kore su daga unguwannin da aka haife su. Don haka in da hali ku sauka a otal ko gidan da ke da lasisi.

Game da wuri, in zafi ne matsalarku Kanari tana da sauƙi a Agusta, iskar teku ba ta yankewa. Agogonmu ma a wannan lokaci daidai yake da na Najeriya da Nijar, Madrid ce ke gaba da awa ɗaya. A nan Las Palmas muna da Las Canteras, rairayi mai tsawon kilomita uku a cikin gari, kuma akwai wani dogon dutse a cikin ruwa da ke tare igiya, sai gefen gaɓa ya zauna lumui. Ranar 4 ga Agusta a Agaete mutane ke saukowa da rassan itace suna rawa har bakin teku. Wani lokaci hazo kan taso daga Sahara ya rufe sama kwana biyu ko uku, mai asma ya zo da maganinsa. Sai dai daga Madrid tafiyar kusan awa uku ce a jirgin sama, ga kuɗin mutum biyar ko shida.

Kuma ni ba na iya maganar tekun nan ban faɗi ɗaya gefen ba. Ruwan da baƙi ke wanka a ciki, shi ne 'yan uwanmu ke ratsowa a kwale-kwale daga Senegal da Muritaniya da Gambiya. A 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka iso ta wannan hanya, da yawa a La Restinga, ƙaramin ƙauyen masunta a tsibirin El Hierro. Waɗanda ba su iso ba Allah kaɗai ya san adadinsu. Na taɓa tsayawa a tashar Arguineguín da safe, gefe guda ana loda baƙi a jirgin kallon kifaye, gefe guda samari a zaune a ƙasa an lulluɓe su da jajayen barguna, leɓɓansu sun tsattsage, ba mai magana a cikinsu. Ban ce kada a zo hutu ba. Amma ki gaya wa yaran, ku yi musu addu'a.

Ɗan Zongo a Mataró:
Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Yaya, cikin waɗanda suka tsira ɗin ne za ta ga wasu a kan titin bakin teku sun shimfiɗa zane da jakunkuna da tabarau, igiya a hannu don in 'yan sanda sun taho su tattare su gudu. Galibi 'yan Senegal ne, wasu ƙalilan namu ne na Gana da Nijar. A Barsalona sun kafa ƙungiyarsu a 2015, daga baya har da shagon tufafi mai suna Top Manta. Hajiya ki sani dokar gari na iya cin tarar mai saye a wurinsu, wannan kam gaskiya ce. Amma sallama ba ta da tara. Ki yi musu, ki ga yadda fuska ke sakewa.

Mai Doki:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Duk an bar abin da ya fi, wato dawaki! Hajiya in yaranki sun taɓa kallon hawan Sallah, to Menorka ce za ta tuna musu da shi. Baƙaƙen dawakai ne na tsibirin, mahayan da baƙar kwat da farin wando, su kutso tsakiyar dandali cike maƙil da jama'a, kiɗa na tashi, sai doki ya miƙe kan ƙafafun baya yana takawa a haka, samari na rububin dafa ƙirjinsa. Na Ciutadella, 23 da 24 ga Yuni, shi ya fi suna, amma sauran garuruwan suna yin nasu bi da bi: Alaior da Ferreries a Agusta, Maó a farkon Satumba.

Anti Fuengirola:
Da yara ƙanana a wannan turmutsitsin? A'a ɗan'uwa. Ana jin rauni a wurin nan.

Mai Doki:
Gaskiyarki Anti, sai dai daga nesa ko daga baranda. To ga mai sauƙi, kuma a kudu: Sanlúcar de Barrameda, inda kogin Guadalquivir ke shiga teku a lardin Kadis. Tun 1845 suke sukuwar dawaki a kan rairayi. Sau biyu ake yi a Agusta, kwana uku-uku, kuma teku ce ke tsara ranakun, don sai yammacin da ruwa ya janye ya bar jiƙaƙƙen rairayi mai tauri. Mutane na zaune da laimominsu, a ja raga a matsar da kowa baya, dawakan su wuce a guje suna watsa laka, rana na faɗuwa ta kan dajin Doñana a ƙetaren kogi. Kallo daga rairayi kyauta ne. Abin da ban so ba, yaran garin kan kafa 'yan akwatunan kwali suna karɓar caca ta tsabar kuɗi da alewa, sai ki ja naki gefe. Daga Malaga wajen awa uku ne a mota.

Malam Na Zariya:
Wannan kam ba ni da ta cewa a kansa in an kauce wa cacar. Sukuwa abu ne mai asali.

Uwar Biyu:
Ni tambayata, wannan na jifa da tumatir da ake nunawa a talabijin fa? A bakin teku yake?

Ɗalibin Balensiya:
A'a Anti, a Buñol ne, cikin tudu, kilomita kusan 40 daga Balensiya, Larabar ƙarshe ta Agusta. Awa ɗaya ake yi, da tikiti ake shiga tun 2013, kuma tumatirin ya haura tan 100. Sun ce wanda ba ya sayuwa ne ake kawowa. Ko da haka ne, ni da na san yadda kwandon tumatir ke gagarar mutane a gida, ban iya zuwa ba. Ba wurin yara ba ne ma.

Shugaban Zaure:
Jama'a an yi ƙoƙari. Maman Ikram, tunatarwa kan biza: ta Schengen ce, yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma layin lokacin zafi yana da tsawo, kada ku jira. Ranar 15 ga Agusta hutu ce a duk ƙasar, makon nan ne ɗakuna suka fi tsada da wuyar samu.

Maman Ikram:
Allah ya bar zumunci, kun yi mini abin da ban zata ba. Na karanta wa maigidan duka jiya da dare. Ibiza ta fita. Mun tsaya a kan Fuengirola saboda masallaci da jirgin ƙasa, za mu bi tsarin Anti na safe da yamma. Alcazaba da Giranada dole ne. Sanlúcar in ranakun sun dace zai ɗauki mota haya. Feria kuwa mun rabu biyu, shi yana tare da Malam, ni ina ganin a kai yara su kalli wasan wutar daga rairayi mu dawo. Ba mu gama ba tukuna.

Anti Fuengirola:
Madalla ƙanwata, sai kun zo. Tikitin Alhambra ku saya ta intanet tun yanzu, da sunan kowa da lambar fasfo, don na fadar Nasr da ke cikinta yana da sa'a ƙayyadajjiya kuma yana ƙarewa makonni kafin ranar. Ku ɗauki na farkon safiya, Giranada tana haura digiri 35 da rana cikin sauƙi.

Ki koya wa yaran tutocin bakin teku kafin su taka ruwa. Kore a shiga, rawaya a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ja ba a shiga ko da ruwan ya yi kamar yana barci, don akwai jan ruwa ta ƙasa da ido ba ya gani. Ku zauna kusa da hasumiyar masu ceto. In an ɗaga tuta mai hoton wata halitta kamar leda mai jela, tana harbi, in ta taɓa yaro da ruwan teku ake wankewa, ba da na gora ba, sai a kai shi wurin masu ceton. Lambar gaggawa 112. Akwai kuma ranakun da wata busasshiyar iska mai zafi ke sauko wa Malaga daga duwatsu, terral suke ce mata, gari ya yi kamar tanda amma ruwan teku ya yi sanyi ƙarara. Ranar da ta taso kada ki bar yaro ya faɗa ruwa kai tsaye daga rana, ya fara jiƙa wuya da hannuwa. Kuma duk baƙinmu rana tana ƙona mu a nan, ki sayo musu man kariya da huluna.